Gyara ko sayarwa: Corolla mai shan baƙin mai

Malam, ka ce Corolla ɗinka ƙirar 2005 tana shan baƙin mai, tana hayaƙi a hanyar Gombe zuwa Bauchi, har kana tunanin rabuwa da ita.

Fara duba kalar hayaƙin. Shuɗi, mai ne ke ƙonewa tare da fetur, galibi ringi ne ya cinye ko robar bawul, wato abubuwan da ke hana baƙin mai shiga inda fetur ke ƙonewa. Fari mai kauri, ga ruwan lagireto na raguwa, galibi gaskit ne ya ƙone, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa. Zaro sandar awon baƙin mai, in man ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga cikinsa, kada ka sake tayar da motar. Duk wannan yana gyaruwa, amma bakanike ya auna ƙarfin matsin kowace silinda kafin ya kwance inji.

Ƙasan motar ne abin tsoro. A hau da ita rami a duba shasi, wato ƙarfen da ke ɗauke da jikinta. In tsatsa ta cinye shi, ko an yi masa walda bayan hatsari, rabu da ita, sabon inji ba zai tsare iyalinka ba.

Don Allah kada ka zuba mai mai kauri don ɓoye hayaƙi. In kuɗin inji da giya ya haura rabin darajarta, sayarwa ta fi.