Wace DAC zan saya don gyara sautin falona?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a unguwar Birni, nan Damagaram. Ina da tsohon amfilifaya da manyan lasifika biyu a falo. Nakan jona su da talabijin ko kwamfuta ta ramin da ake sa abin kunne, amma sai in riƙa jin gurnani da wani "shuuu" a ƙarƙashin kiɗan. Abokina ya ce DAC ce maganin, kuma in nemi mai bit 32. Wacce zan saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokinka ya faɗi gaskiya a rabin farko. Rabi na biyun kuwa, zancen masu talla ne ya ɗauko.

Waƙar da ke cikin kwamfuta ko waya lambobi ce zalla, amfilifaya kuma ba ya jin lambobi, siginar lantarki yake karɓa. Aikin DAC shi ne mayar da lambobin su zama wannan sigina. Ka ga ke nan kana da ita tun tuni: akwai ƙarama a cikin talabijin ɗinka, akwai a kwamfutar. Matsalar ita ce an cusa ta kusa da sassan da ke zubar da hayaniyar lantarki, ramin abin kunnen kuma ba don amfilifaya aka yi shi ba. Sayen ta waje yana fitar da aikin daga wannan cunkoso. A irin halin da ka bayyana, za ka ji bambanci.

Batun bit 32 fa? Faifan CD da Sony da Philips suka fitar a 1982 yana ɗaukar samfurin sauti sau 44,100 a daƙiƙa, yana rubuta kowane samfuri da bit 16, wato ƙananan lambobin kwamfuta goma sha shida. Wannan ya isa ya kama duk abin da kunnen ɗan Adam ke ji, wato har wajen 20 kHz, kuma tazarar da ke tsakanin sauti mafi ƙanƙanta da mafi ƙarfi ta kai kusan desibel 96. Falon da fanka ke juyawa, babura na wucewa a waje, ba zai bari ka ci moriyar ko wannan ba. Duk DAC da ke karɓar 24-bit/96 kHz, wato bit 24 da samfuri sau 96,000 a daƙiƙa, ta wadatar. Haka sunan kamfanin da ya ƙera ɗan guntun da ke yin aikin a ciki (chip), ESS ne ko AKM ko Cirrus Logic, kada ya ɗauke maka hankali. Yadda aka gina sauran na'urar ya fi shi tasiri.

Abin da zan so ka tsaya a kai shi ne ramukan da ke bayan DAC ɗin. Leƙa bayan talabijin ɗinka. In ka ga ɗan rami mai kusurwa huɗu da jan haske a ciki, shi ne TOSLINK, wanda Toshiba ta ƙirƙira. Haske ne ke ɗaukar saƙon a cikin igiyarsa, babu ƙarfen da ya haɗa na'urorin biyu. Nan ne maganin gurnaninka. Sau da yawa gurnanin na tasowa ne daga wutar gida mai 50 Hz, idan an haɗa na'urori biyu da waya alhali kowacce na da nata hanyar zuwa ƙasa, musamman in akwai dikoda da igiyar tauraron ɗan Adam a tsakani. Igiyar haske tana yanke wannan zagayen ɗungurungum. Sai dai ka shiga saitin sautin talabijin ka zaɓi PCM. In ka bar shi a Dolby Digital, yawancin DAC na sitiriyo shiru za su yi ko su riƙa ƙara mara daɗi, kai kuma ka zaci an sayar maka da matacciya.

Don kwamfuta kana buƙatar USB. Wajen fita kuma RCA, ja da fari, da za ka kai ramin AUX ko CD na amfilifaya. Kada ka kuskura ka sa a PHONO, na garmaho ne, sautin zai fashe. Bluetooth ƙari ne mai daɗi saboda waya, amma yana matse waƙar kafin ya tura ta.

Sai wuta. A nan wuta mai volt 220 muke amfani da ita. Kayan gwanjo da suka fito daga Amurka da yawansu 120 ne, don haka karanta bayan cajar kafin ka jona. Ni na fi son wadda ke cin wuta 5V ta USB: in an ɗauke wuta ko janareta na wasa da ita, batirin cajin waya ma ya riƙe ta, kuma wutarsa ta fi ta ƙaramar inbata mai arha tsabta. Amfilifayan dai ka sa masa na'urar daidaita wuta. Kamfanoni irin su Topping, SMSL da FiiO suna da ƙanana masu waɗannan ramuka, kuma masu rahusarsu sun ishe ka.

Abu ɗaya da babu DAC da za ta gyara: waƙar da aka riga aka matse. CD na zuba kilobit 1,411 a daƙiƙa, MP3 da ake turawa a katin waya kuwa sau da yawa 128 ne, wata ma daga tsohon kaset aka kwafo ta, ta bi hannu goma. Abin da aka zubar ba ya dawowa. Nemi FLAC, wato tsarin ajiye waƙa da ba ya zubar da komai, ko aƙalla MP3 mai 320.

Kafin ka fitar da ko dala, yi wannan gwaji. Cire komai daga amfilifayan, ka bar lasifika kawai, ka ɗaga murya. In shiru ne, laifin daga talabijin ko kwamfuta yake, je ka sayi DAC mai TOSLINK da USB. In gurnanin na nan, cikin amfilifayan yake, watakila kafasitocinsa sun bushe da tsufa da zafin bazara, ko ƙurar hunturu ta cika maɓallin murya. Wannan aikin mai gyaran rediyo ne, shi za ka fara kai wa.