Kowa na yabon hoton benen, ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ne sakataren ƙungiyar unguwarmu. Wani kamfani zai gina dogayen benaye biyu na ofisoshi a filin bakin titi, gidajenmu kuma suna bayansa. Sun kafa allo da hoton ginin, gilashi ne daga sama har ƙasa, aka yaɗa shi a Facebook wai jama'a su faɗi ra'ayinsu. Kusan kowa yabo yake yi, wai unguwa za ta koma Dubai. Da na ce a bi sannu, sai aka ce ni maƙiyin ci gaba ne. An sa ranar zama da wakilin kamfanin. Tunda jama'a sun ce zanen ya yi kyau, shi ke nan magana ta ƙare? Ra'ayinmu ma yana da wani tasiri kuwa?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam Sakatare. Ko fara maganar ba a yi ba, domin har yanzu ba wanda ya nuna muku zanen ginin. Hoto kuka gani, kuma wannan ita ce cutar da nake fama da ita kullum a wannan sana'a tamu ta zanen gine-gine.

Duba allon nan da kyau. Daga ina aka hango ginin? Daga sama, inda babu ɗan unguwarku da zai taɓa tsayawa. Wane lokaci ne? La'asar sakaliya, rana ta yi sanyi, gari wasai babu ƙurar hunturu. Ina gidajenku? An shafe su, an shuka ciyawa da itatuwan da ko kwabonsu babu a lissafin aikin. Motoci huɗu ko biyar a titi, babu Keke Napep, babu mai rake, babu ɗakin janareta, babu tankin ruwa, babu tarin injinan sanyaya ɗaki. Yaro mai kwamfuta zai haɗa maka irin wannan cikin 'yan kwanaki, bai san inda ginshiƙi ko ɗaya zai tsaya ba. Kuma su ne yanzu suka cika gari. Mutum bai taɓa zana matakalar gudun gobara ba, ba shi da rajista, amma ya buɗe shafi yana karɓar aikin bene, masu kuɗi na rububinsa saboda hotonsa ya fi ƙyalli kuma ya fi araha. Attajiri zai shigo ofishina ya miƙo waya ya ce irin wannan yake so. In na tambaye shi ina gabas a filin, sai ya ga kamar ɓata masa lokaci nake yi. Neman ra'ayin jama'a a kan irin wannan hoto cinikin biri a sama ne. Benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rufta a Legas ranar 1 ga Nuwamba 2021, ya hallaka sama da mutum 40, shi ma hotunan tallansa gwanin sha'awa ne.

Kada ka ɗauka a nan kaɗai ake faɗawa wannan rami. A Landan akwai bene mai tsawon mita 160 a lamba 20 Fenchurch Street, wanda mutanen gari suka laƙaba wa Walkie-Talkie. Shahararren mai zane Rafael Viñoly ne ya zana shi, ya kuma bi ta hannun hukumomi ya sami izini. A 2013, tun ba a gama shi ba, fuskarsa ta kudu mai lanƙwasa ta riƙa tattara hasken rana tana zuba shi a titi, har ya narkar da sassan wata mota ƙirar Jaguar, 'yan jarida suka soya ƙwai a wurin. Dole aka bi fuskar aka ɗaura mata abin tare rana. Bayan haka masu wucewa suka shiga kukan iskar da ke bugawa a gindinsa. A 2015 aka ba shi Carbuncle Cup, lambar da ake ba sabon gini mafi muni a Birtaniya. A Leeds abin ya kai ga rai: iskar da ke sauka daga jikin benen Bridgewater Place ta kifar da babbar mota a kan wani mai tafiya a ƙasa a 2011, ya rasu. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da zai fito a hoton allo.

To wannan ƙasar sanyi ce. Mu da zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu, me muke nema da kwalin gilashi? Ranar da ta fi cutarwa a wajenmu ita ce ta hantsi da ta yamma, wadda ke shigowa a kwance ta gabas da yamma. Kudu da arewa kuwa ɗan baranda ko rumfar kankare ya isa ya tare su. Saboda haka mai zanen da ya san aikinsa yakan juya doguwar fuskar gini kudu da arewa, ya ƙuntata tagogin gabas da yamma. Wanda ya lulluɓe fuska huɗu da gilashi iri ɗaya bai dubi filin ba. Zafin da ya shiga sai injin sanyi ya fitar da shi, injin sai wuta, wuta kuwa sai janareta da dizal, hayaƙi da ƙara kuma ta bayan gini ake jefa su, wato kan katangarku. Ranar da janareta ya tsaya, tagogin ba sa buɗuwa. Ranar da hayaƙin gobara ya tashi ma ba sa buɗuwa. Masu cewa Dubai su je su dubi benayen Al Bahar na Abu Dhabi da aka gama a 2012: labulen inuwa aka yi musu mai buɗewa da rufewa yana bin rana. Nan gida ma, ɗakin karatu na Jami'ar Ibadan da Maxwell Fry da Jane Drew suka zana, bangon kankare mai huda-huda ne ke ba shi inuwa da iska tun kafin a haifi yawancinmu.

Sai faifan aluminiyam mai sheƙi da ake manna wa jikin gini. Akwai irinsa mai roba a tsakiya wanda ke ci da wuta, shi ya haura da gobarar benen Grenfell a Landan a 2017, mutum 72 suka rasu. A hoto, da shi da mai jure wuta kamarsu ɗaya.

Batun tasiri kuwa, ra'ayin jama'a yana da shi ƙwarai. Mutanen Paris sun tsani benen Montparnasse mai mita 210 da aka gama a 1973, har a 1977 aka ƙayyade tsawon sabon gini a birnin da mita 37. A Munich ta Jamus ƙuri'a aka kaɗa a 2004, aka tsayar cewa kada sabon bene ya wuce kimanin mita 100, tsawon hasumiyoyin tsohuwar majami'ar garin. A Najeriya dokar tsara birane ta tarayya ta 1992 ta wajabta wa mai gina ofisoshi sama da hawa 4 ya gabatar da rahoton tasirin aikin ga muhalli, jihohi kuma suna da nasu dokokin da hukumominsu, kamar KNUPDA a Kano. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda ake mayar da rahoton nan takardar cike fayil, a kwafo na wani aikin a sauya suna, a buga hatimi, maƙwabta ba su ji ba ba su gani ba. In ka je tambaya a ce oga ya fita.

Don haka ranar zaman nan kada ka shiga gardamar kyau da muni, za su rinjaye ka. Ka nemi a shimfiɗa taswirar fili mai nuna arewa da gidajenku a inda suke. Ka tambayi tagogi nawa ne ke leƙa tsakar gidajenku, inda iyali ke zaune ba mayafi, da abin da aka tanada don tare su. Wannan tambayar kaɗai za ta dawo maka da rabin masu yabon. Ka tambayi matakala nawa ce, domin dogon bene yana bukatar aƙalla biyu a rabe masu ƙofar tare wuta, ba a gudun gobara ta lif, tsanin 'yan kwana-kwana kuma da wuya ya wuce hawa 10. Motocin ma'aikata ina za su tsaya? Ruwan saman da zai sauko daga wannan fili wace kwata zai bi? In za su haƙa burtsatse mai zurfi, ina makomar rijiyoyinku? Sannan sakamakon gwajin ƙasa, da suna da lambar rajistar mai zanen a ARCON, hukumar da ke rajistar masu zanen gine-gine, da ta injiniyan a COREN, hukumar da ke rajistar injiniyoyi, ku kuma je ku tabbatar da kanku.

Duk abin da suka kasa amsawa ku rubuta shi, mai unguwa da shugabannin ƙungiya su sa hannu, ku kai hukumar tsara birane tun ba a haƙa harsashi ba. Ku tafi da kwafi biyu, kada ku baro ofishin sai an buga wa naku hatimin karɓa da kwanan wata.