Amsa: Mustang ta 1966 da kuɗi kaɗan

Malam, ka ce kana son tsohuwar motar Amurka mai ƙarfin inji, amma aljihunka bai kai Dodge Charger ta 1969 ba. Ka bar Charger, tsadarta ta wuce misali. Nemi Ford Mustang ta 1965 ko 1966 ƙirar coupe, wato mai ƙofa biyu da but a baya daban. An ƙera su da yawa, kayan gyaransu har yau ana yin sababbi, kuma ta fi fastback, mai rufin da ya gangara har baya, araha sosai.

Babban abin tsoro shi ne tsatsa. Motar Michigan ko Ohio, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, sau da yawa ƙasanta ya ruɓe. Ta Arizona ko Kalifoniya ta fi. Biya wani ya je ya gan ta ido da ido, ya ɗaga kafet, ya leƙa ƙarƙashi, ya bi jikinta da maganaɗisu. Inda bai kama ba, ciko aka yi aka shafe da fenti. Ya duba harafi na biyar a lambar shasi: T na nufin inji mai silinda 6, C ko A injin V8 ne, wato mai silinda 8. Kada ka biya kuɗin V8 a kan T.

In babu sahihiyar takardar mallaka, kwastan na Amurka ba za su bar ta ta fita ba. Sannan, don Allah, kafin ka tura ko sisi, zauna da ejan fito da kaya daga kwastan mai lasisi, domin Najeriya ta ƙayyade shekarun tsohuwar motar da za a shigo da ita, wannan kuwa ta zarce su nesa.