Tambaya da Amsa: Kaset ɗin Baba da Kuɗin Talla

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya bar mana kwali cike da kaset-kaset na bidiyo da ya riƙa naɗa daga talabijin a shekarun 1980: wasannin kwaikwayo irin su Samanja, da hawan sallah, har da tallan sabulu na da. Na kai wa mai shago ya juye su zuwa kwamfuta, ina yankawa gunduwa-gunduwa ina ɗorawa a YouTube, jama'a kuwa suka yi ca. Sai ga saƙo wai wani kamfani ya ce biyu daga ciki nasa ne, kuɗin tallan da ke kansu wurinsa zai tafi. Kaset namu ne, ni na biya kuɗin juyewa da data, kuma ƙarƙashin kowanne na rubuta cewa ba ni ne mai shi ba. To ina laifina?
Daga wani makarancinmu a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba, ya bar muku abin tarihi. Amma ɗan'uwa, kaset ɗin kuka gada, ba shirin da ke ciki ba. Kamar wanda ya sayi littafi a kasuwa ne: yana iya karantawa, ya ba da aro, ya sayar da kwafinsa, amma bai isa ya kai maɗaba'a a buga masa dubu ba.

Tsufan shirin ne yake ruɗin mutane. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ba fim da shirin talabijin kariyar shekara 50 daga ƙarshen shekarar da aka fara nuna su. Shirin da aka haska a 1987 ke nan yana hannun masu shi har ƙarshen 2037. Waƙa kuwa ta fi haka daɗewa: shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Ɗauki misalin Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999. Waƙoƙinsa suna da kariya har 2069. Saboda haka guntun bidiyo na minti uku yana iya zama da masu haƙƙi uku: gidan talabijin, da marubucin wasan, da makaɗin da aka sa kiɗansa a buɗewa. Sau da yawa ma kiɗan ne ake kamawa, ba hoton ba.

Wancan rubutu na "ba ni ne mai shi ba" kuwa ba ya kare kowa. Kai da bakinka ka ba da shaida cewa kayan wani ka ɗora.

Saƙon da ka samu aikin Content ID ne, manhajar da YouTube ke amfani da ita tun 2007 wajen gwada duk abin da aka ɗora da kayan da masu haƙƙi suka ajiye mata. In ta ga kama, mai haƙƙin yana da zaɓi: ya toshe bidiyon, ko ya bar shi ya kwashe kuɗin talla, ko ya zuba ido kawai. Na biyun ne ya same ka, kuma shi ne mai sauƙi, domin tasharka ba ta ɗauki tabo ba. Mai zafin shi ne idan ya shigar da takardar a cire bidiyon, sai a yi maka gargaɗi. Gargaɗi ɗaya yakan goge bayan kwana 90, amma in uku suka haɗu, tashar ce za a rufe da duk abin da ke cikinta.

Akwai wurin da za ka latsa ka ce ba ka yarda ba, kuma mai iƙirarin yana da kwana 30 ya amsa. Kada ka taɓa shi don haushi. Sai in kana da takardar izini, ko ka tabbata manhajar ce ta yi kuskure, in ba haka ba kai za ka tsokano tsuliyar dodo. Ka dai duba sunan mai iƙirarin da daƙiƙoƙin da ya nuna, don akan sami ’yan damfara masu ɗora kayan da ba nasu ba su yi rajista da su.

Ko da babu wanda ya yi magana ma, kada ka sa rai da yawa. Kafin a fara raba kuɗin talla da kai sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, sannan a duba tashar. Tashar da ba ta da komai sai kayan wasu, ba sharhi ba ƙarin bayani, yawanci a nan ake mayar da ita baya. Doka ta yi sassauci ga mai ɗaukar ɗan guntu don sharhi ko nazari ko koyarwa, tare da ambaton mai shi. Ka zauna gaban kyamara ka ba da labarin wasan da zamaninsa, ka tsakuro kaɗan ka nuna. Wannan ya fi kusa da tsira, ko da yake manhajar ba ta san sharhi ba, tana iya sake kamawa.

Ni dai da ni ne, sai in dubi tambarin da ke kusurwar hoton, NTA Kaduna ne ko CTV Kano, wadda yanzu ake kira ARTV, in rubuta wa sashen shirye-shiryensu. A wancan zamani kaset tsada gare shi, akan maimaita naɗi a kan tsoho, don haka ba mamaki wani abin da ke kwalinka su ba su da shi a ma'ajiya. Ka yi musu tayin kwafi, su ba ka izini a rubuce, a fayyace sunayen shirye-shiryen, da tsawon lokacin, da yadda za a raba kuɗin talla.