Amsa kan bindigar farautar gada da agwagwar ruwa

Malam, ka tambayi bindigar da za ta yi maka farautar gada da ta agwagwar ruwa a fadamun Yauri. Shawarata ita ce mai baki biyu, lamba 12 (wato ma'aunin faɗin bakinta), irin Baikal ta Rasha, domin ba ta da tarkacen da laka ke toshewa, kuma harsashinta ya fi samuwa. Harsashin ne ke raba aikin: mai ƙananan ƙwayoyi, lamba 4, na tsuntsu, mai manyan ƙwayoyi na gada. Kafin ka biya, ka ɓalle ta, ka ɗaga bakunan sama ka leƙa. Idan ka ga tsatsa ta ci ciki, ko tana girgiɗi bayan ka rufe ta, ka haƙura da ita. Lasisin 'yan sanda wajibi ne tun farko.