Amsa: A ina zan ɗora wasan da na haɗa?

Ƙanena, ka tambayi inda za ka ɗora ƙaramin wasanka tunda aljihu ba nauyi. Ni ma ɗalibi ne, da Godot nake aiki, wato manhajar haɗa wasannin kwamfuta da na waya.

Fara da itch.io, wani shafin intanet da masu haɗa wasanni ke ɗora wasanninsu. Kyauta ake ɗorawa, kai ke yanke farashi. Steam, kasuwar wasannin kwamfuta, sai ka biya dala 100 kan kowane wasa, Google Play kuma dala 25 sau ɗaya, don haka bari wasan ya nuna tukuna.

Talla ce ta fi cin lokacina. Duk Asabar nakan yanko bidiyon daƙiƙa 15 in sa a TikTok. Amma abin da ya fi yi mini amfani shi ne in miƙa wa 'yan ajinmu waya, in yi shiru ina kallon inda suke maƙalewa. Washegari nan nake gyarawa.