Me ke faruwa idan farantan ƙasa suka yi karo?

Malam, ka tambayi abin da ke faruwa idan manyan farantan ɓawon ƙasa, wato manyan faifan dutse da ke ɗauke da tudu da teku suna motsi a hankali, suka yi karo. To, ya danganta da irin farantan.

Idan na ƙarƙashin teku ya gamu da na tudu, na tekun ya fi nauyi, sai ya kutsa ƙarƙashi, duwatsu su narke can ciki su taso da aman wuta. Haka farantin Nazca, na ƙarƙashin tekun Pasifik, ke shigewa ƙarƙashin Kudancin Amurka, abin da ya tayar da tsaunukan Andes.

Ni dai na Indiya da Asiya ya fi ba ni mamaki. Dukansu tudu ne, ba mai yarda ya nutse, kamar raguna biyu sun haɗa kai. Kimanin shekara miliyan 50 ke nan suna turereniya, ƙasa na lanƙwashewa tana tashi sama, har aka samu Himalaya. Kada ka zaci karon mota ne. Tafiyar 'yan santimita ce a shekara, kamar tsirowar farce. Duk da haka, a ƙolin tsaunin Everest na Himalaya, mai tsayin mita 8,849, akwai burbushin halittun teku cikin dutse, wato turereniyar ta ɗaga ƙasan teku har can! Turereniyar kuwa ba ta ƙare ba, ita ta jawo girgizar ƙasar Nepal a Afrilun 2015, wadda ta hallaka mutum kusan 9,000.